Kifin da aka cinye cikin shekara talatin, ga shi ana neman shekara ɗari a dawo da shi

A watan Afrilun 2021 wasu ma'aikatan hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka suna aikin bincike a kogin Detroit, wanda ya raba jihar Michigan da ƙasar Kanada, sai suka jawo wata macen kifi da sai da suka haɗa ƙarfi kafin su iya ɗago ta cikin jirgi. Nauyinta kilo 109, tsawonta ya ɗan haura mita biyu, hoton ma ya zagaya duniya a lokacin, ɗaya daga cikin ma'aikatan ta kwanta a gefenta kuma kifin ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Suka auna ta, suka sa mata alama, suka mayar da ita ruwa. Abin da ya fi tsaya min a rai ba girman ba ne, don mu ma muna da giwan ruwa mun san kifi yana girma, shekarunta ne suka tsaya min. Masana sun kiyasta ta haura shekara 100, wato an ƙyanƙyashe ta wajajen 1920 ko kafin nan, shekara arba'in kafin Najeriya ta samu 'yancin kai tana nan tana yawo a ƙarƙashin wannan ruwan, kuma duk ɓarnar da aka yi wa kogin a tsawon wannan lokacin a kan idonta aka yi.

Sunan kifin a Turance lake sturgeon, bari mu ce masa sitajin na tafki tunda ba mu da shi a ruwanmu balle mu ba shi suna. Asalinsa Arewacin Amurka ne, manyan tafkunan nan guda biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogin Mississippi da rassansa, da kogin St. Lawrence, da kogunan da ke zuba a Hudson Bay. In ka ga hotonsa za ka ce wani abu ne da ya fito daga wani zamani daban, kuma haka ɗin ne, danginsa sun fi shekara miliyan 100 a duniya, sun yi zamani da dinoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Ba shi da ɓawon kifi irin wanda muka sani, layi biyar ne na ƙasusuwa masu tauri suka bi jikinsa kamar sulke, ba shi da haƙori, bakinsa a ƙasa yake yana miƙo shi kamar tiyo ya zuƙo tsutsotsi da dodon koɗi daga taɓon ƙasan ruwa, ga gashin baki guda huɗu a gaban bakin da yake laluben abinci da su. Bai da faɗa, bai cizon kowa.

To ya aka yi kifi irin wannan, da ya cika ruwa har ana cewa ya yi yawa, ya dawo ana ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya? Kiyasin da aka fi ambata shi ne abin da ya rage a manyan tafkunan bai wuce kashi 1 cikin 100 na yadda yake a da ba.

Farko dai wulaƙanci aka fara yi masa. Kafin wajajen 1860 Turawan da ke su don sayarwa ba sa ganinsa da wata daraja, su wasu kifaye suke nema, shi kuma in ya faɗa taru sai ya yayyaga shi da wannan sulken nasa, sai haushi ya sa suna kashe shi suna jibgewa a bakin ruwa kamar itacen girki, ya bushe a cinna masa wuta, wasu su ba aladu, wasu su yi taki da shi, har jiragen ruwa masu tururi an riƙa hura musu wuta da shi saboda yawan man da ke jikinsa. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci, dabbar da ta ɗauki shekara hamsin ko sittin tana girma a ƙona ta a matsayin makamashi. Alhali 'yan asalin ƙasar, irin su Menominee da Ojibwe da Ottawa, sun yi ɗaruruwan shekaru suna rayuwa da shi, suna jiran hawansa kogi bayan tsananin sanyi lokacin da abincin da suka adana ya ƙare, kuma bai taɓa ƙarewa a hannunsu ba.

Sai kuma aka gano kuɗi ne. A shekarun 1860 wasu 'yan'uwa biyu 'yan asalin Jamus suka kafa sana'a a garin Sandusky na jihar Ohio, suna banda naman, suna gyara ƙwan da gishiri ya zama kaviya, wannan abincin masu kuɗi da ake kaiwa Turai, har jakar iskar cikinsa ana sarrafa ta a yi wani irin danƙo da ake tace abin sha da shi. Nan fa kowa ya faɗa ruwa. A 1885 kaɗai abin da aka kama a tafkin Erie, ɗaya daga cikin manyan tafkunan nan biyar, ya kai tan 2,300, shekara goma bayan nan ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100, kuma haka labarin ya maimaita kansa tafki bayan tafki, a fara kamawa kamar da bakin ƙwarya, cikin shekara goma zuwa ashirin ruwa ya yi tsit. Kafin a shiga ƙarni na 20 da kyau an riga an gama da mafi yawansa.

Anan ne ya kamata mutum ya tsaya ya fahimci lissafin, don in ba a gane shi ba sauran bayanin duk ba zai shiga ba. Karfasa ko tarwaɗa cikin watanni sun girma sun fara ƙwai, ko ka kwashe rabin tafki bana baɗi za ka ga sun cike gurbin. Shi wannan ba haka yake ba. Macen sitajin sai ta kai shekara 20 zuwa 25 kafin ta yi ƙwan farko, wata ma ta wuce haka, kuma bayan ta fara ba kowace shekara take yi ba, sai bayan shekara huɗu ko biyar ko shida take sake hawa kogi. Namijin ya ɗan fi saurin balaga amma shi ma sai ya haura shekara goma. Gaskiya ne in ta tashi yi tana zuba ƙwai dubu ɗari-ɗari, amma ba ta gadinsu, tana zubawa kan duwatsu ta juya, sauran kifaye da ƙaguwa su yi ta ci, wanda zai rayu ya zama babba ɗan kaɗan ne ƙwarai. Dabararsa ita ce tsawon rai, in bana ba a dace ba akwai wata shekarar, in ta rayu shekara 80 ko 100 ko sau goma ta yi ƙwai wasu za su tsira. Akwai wanda aka kama a tafkin Lake of the Woods da ke kan iyakar Amurka da Kanada a 1953 da aka kiyasta ya haura shekara 150, ana gane shekarun ne ta hanyar yanka ƙashin fiffiken gaba a ƙirga zobban ciki kamar yadda ake ƙirga na kututturen bishiya. Kaga kenan duk wanda ya kashe babbar mace don ya ciri ƙwanta ya tafi da haihuwar shekara hamsin masu zuwa, kuma masu kaviya manyan matan suke nema daidai lokacin da suka taru a wuri ɗaya za su zuba ƙwai.

Da yawan kamu ne kawai matsalar da an hana kamawa kifin ya farfaɗo da kansa, kuma an hana ɗin a wurare da dama tun farkon ƙarni na 20 amma shiru. Dalili kuwa an toshe masa hanya. Shi yawanci a tafki yake zama amma galibi ba ya haihuwa a tafki, sai ya hau kogi, wani lokacin tafiyar sama da kilomita 100, ya nemi inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu masu tsafta, saboda ƙwan mai danƙo ne yana manne wa dutse ya shige ramukan tsakani inda ruwa ke kawo masa iska. To irin wannan wurin mai gangara da ƙarfin ruwa shi ne daidai inda injiniya ke so ya gina dam. Aka bi kogunan ɗaya bayan ɗaya aka datse, na niƙa, na yankan katako, na wutar lantarki. Masu katako suna turo gungume ta cikin kogi suna kankare ƙasan ruwa, garin katako daga injinan yanka ya rufe duwatsun, masana'antu suka zuba dattinsu, a kogin Detroit kuma aka fasa duwatsun ƙasan ruwa aka kwashe don manyan jirage su samu hanya. Ko dam ɗin da bai hana wucewa ba yana da tasa illar, in ana buɗe ruwa da rana lokacin da ake buƙatar wuta a rufe da dare sai ƙwan da ke kan dutse ya wayi gari a busasshiyar ƙasa. An gwada wannan a wani kogi da ke arewacin Michigan, wanda sunansa ma Sturgeon River, da aka sa masu dam suka bar ruwa yana tafiya daidai yadda yake shigowa sai manyan kifaye suka ƙaru a wurin haihuwar cikin 'yan shekaru.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na mutanen Menominee a jihar Wisconsin. Kifin yana hawa kogin Wolf har zuwa gangaren ruwa na Keshena Falls a cikin ƙasarsu, suna da biki da addu'o'i na tarbarsa duk shekara, sai a 1892 aka gina dam a Shawano a ƙasa da su, shi kenan kifin ya daina isowa. Shekara ɗari cur babu shi. Sai a 1993 suka farfaɗo da bikin da kifayen da hukumar jihar ke kawo musu, daga baya aka riƙa ɗauko manya a mota ana tsallakar da su dam ɗin ana saki a sama. Ka duba, akwai tsofaffin da aka haifa suka mutu ba su taɓa ganin abin da kakanninsu ke ba su labari ba.

Amma a wannan jihar ta Wisconsin ɗin ne kuma aka fi samun nasara, kuma yadda aka same ta ya saɓa wa abin da mutum zai zata. Tafkin Winnebago yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan wannan kifin a duniya, manya dubun-dubata suna haihuwa da kansu, kuma a nan ne ake farautarsa da mashi duk shekara. Eh, ana kashe shi, da izinin hukuma. An hana kamawa baki ɗaya a 1915, aka sake buɗe farautar mashi a farkon shekarun 1930, tun daga nan ake ta gyara dokokin. A watan Fabrairu ake yi lokacin da tafkin ya daskare har mota na hawa kansa. Mutum zai yanka rami mai faɗi a ƙanƙarar da zarto mai inji, ya jawo ɗan ɗakin katako ya ɗora a kai, ya rufe ƙofa ciki ya yi duhu ɗin ɗin don hasken da ke ratsa ƙanƙara ya haska masa cikin ruwan, ya zura wani ɗan kifin katako da aka sassaƙa aka yi wa fenti a igiya, mashi mai yatsu yana rataye a sama, sai ya zauna ya zuba wa ramin ido tun safe har azahar. Akwai wanda zai shekara biyar ko goma yana zuwa bai ga ko wulgawar kifi ba, in ruwan ya yi gurɓi ma ba a ganin komai. Sama da mutum dubu goma ke yankar lasin, mafi yawansu hannu rabbana suke komawa gida, kuma baɗi su dawo da 'ya'yansu.

Sirrin yana wajen ƙirga. Duk wanda ya soki kifi dole ya kai shi wurin rajista a ranar, ma'aikata su auna tsawo da nauyi, su duba mace ce ko namiji, su duba ko yana ɗauke da 'yar na'urar alama da aka sa masa a baya. Tun 1999 aka sa iyaka kashi uku, na manyan mata daban, na ƙananan mata daban, na maza daban, da zarar an cike ɗaya daga ciki an rufe farautar ko da kwana biyu aka yi, in ba a cike ba kuma ba ta wuce kwana 16. Manufar ita ce kada abin da ake cirewa a shekara ya wuce kashi 5 cikin 100 na manyan da ke ruwan, don lissafi ya nuna daga nan ne kifin ke fara raguwa. Kuɗin lasin ɗin kuma aikin kifin ake komawa da shi. Shi ya sa yanzu ake samun manya fiye da da, a 2010 an soki mai kilo 96, a 2012 kuma ma'aikata suka kama wata a ƙasan dam ɗin Shawano mai kilo 109 da aka kiyasta shekarunta 125, suka sa mata alama suka sake ta.

Kuma mafarautan nan su ne suka zama masu gadi. A 1977 suka kafa ƙungiya mai suna Sturgeon for Tomorrow suna tara kuɗi don bincike da ƙyanƙyasa. In lokacin haihuwa ya zo, wajen ƙarshen Afrilu da ruwa ya ɗan yi ɗumi, kifayen na taruwa a bakin kogin Wolf kan duwatsu, maza shida ko bakwai sun kewaye mace ɗaya suna bugun ruwa da jela, bayansu a waje, sam ba sa kula da mutum, kana iya miƙa hannu ka taɓa su. A da wannan ne lokacin ɓarayi, dare ɗaya a cika mota. Sai aka tsara masu sa kai suna zama a bakin kogi dare da rana a karɓa-karɓa har kifayen su gama su koma, ba albashi, cikinsu har da mutanen da ke jiran Fabrairu su ɗauki mashi. Ni a ganina wannan ne ƙashin bayan nasarar, doka ita kaɗai ba ta iya tsare kogi mai tsawon kilomita 200, amma in mutanen gari suna ganin kifin nasu ne to ɓarawo ba shi da wurin ɓuya.

A Black Lake da ke Michigan abin ya fi haka tsanani ma. Kifayen can ba su kai na Winnebago yawa ba, saboda haka abin da ake yarda a kama a shekara bai wuce guda shida ko bakwai ba, ɗaruruwan mutane su fito kan ƙanƙara, da an cike adadin a aika wa kowa saƙo a waya a tsaya. A 2025 minti 17 kacal aka yi aka rufe, a 2024 kuwa soke ta aka yi gaba ɗaya saboda ƙanƙarar ba ta yi ƙarfin ɗaukar mutane ba. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai tuna Argungu, inda ake hana su a Matan Fada tsawon shekara sai ranar da aka ba da izini kowa ya faɗa ruwa lokaci guda, kuma kowa ya san hanin nan ne ke sa a fito da manyan giwan ruwa. Tunanin ɗaya ne, bambancin su sun ɗora masa ƙirga da awo.

To inda kifin ya ƙare ƙurmus fa, ba iri balle a kare? Nan dole sai an kawo daga wani wuri. Ana kama manya lokacin haihuwa a tatsi ƙwai da maniyyi a sake su, a ƙyanƙyashe, a raini 'ya'yan wata biyar ko shida har su kai tsawon tafin hannu ko fiye, lokacin sulkensu ya yi kaifi ba kowane kifi ke iya haɗiye su ba, sannan a saka a kogi. Amma an lura da wani abu, sitajin yana komawa kogin da aka haife shi ne ya haihu, ana kyautata zaton tun yana ƙarami yake haddace ƙamshin ruwan. In ka raine shi da ruwan rijiya a wata jiha ka kawo ka zuba, bayan shekara ashirin wane kogi zai nema? Zai iya ɓacewa ya shiga wani kogin ya gauraya da wani iri daban. Mutanen Ottawa na Little River da ke kogin Manistee a Michigan su suka fara gwada mafita a 2004, suka ajiye wata tirela a bakin kogi da tankuna a ciki, famfo na jawo ruwan kogin yana ratsa tankunan yana komawa, su tsamo 'yan jariran kifin da ke gangarowa da dare su raine su a ruwan gidansu, in sun yi ƙwari a yi taro da addu'a a sake su da hannu. Yanzu wannan dabarar ta bazu a koguna da yawa.

Sakamakon kuma sai wanda ya iya jira. A kogin St. Louis da ke zuba a tafkin Superior an fara zuba 'ya'ya a 1983, sai a 2011 masu binciken ƙabilar Fond du Lac suka ga jariran farko da aka haifa a kogin ba da hannun mutum ba, shekara 28 kenan. Jihar Missouri ta fara a 1984, ba a tabbatar da haihuwa ba sai 2015 a kogin Mississippi kusa da St. Louis. Kogin Genesee na jihar New York an fara 2003, a 2021 aka kama mace ta farko ɗauke da ƙwai. A yankin Red River na Minnesota, inda kifin ya ɓace tun tuni, an fara a ƙarshen shekarun 1990 da haɗin gwiwar jihar da ƙabilun White Earth da Red Lake da 'yan'uwansu na Rainy River a Kanada, kuma su ba zuba kifi kawai suka yi ba, sun bi ƙananan dam-dam suna rushewa ko su jera manyan duwatsu su mayar da wurin gangara da kifi zai iya hawa, a 2022 aka ga manya suna zuba ƙwai a kogin Otter Tail, karo na farko cikin sama da shekara 100. Ka lissafa ka gani, ma'aikacin da ya fara aikin yana saurayi sai yana dab da ritaya yake ganin ko abin ya yi, gwamnoni nawa aka yi a tsakani, kasafin kuɗi nawa aka yanka aka mayar.

A kogin Detroit da na St. Clair kuma duwatsun aka mayar, tun 2004 ake zuba tarin fasassun duwatsu a ƙasan ruwa a wuraren da aka zaɓa, kuma kifayen sun zo sun yi ƙwai a kai, duk da wasu wuraren yashi ya sake binne su an koyi darasi an canza wuri. A kogin Menominee har lifta aka yi wa kifi a jikin dam, a ɗaga shi sama a tantance a wuce da shi.

Yanzu ga inda rigimar take. A 2018 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna Center for Biological Diversity ta nemi gwamnatin tarayyar Amurka ta sa kifin cikin jerin dabbobin da dokar 1973 ke ba kariya ta musamman. Mutanen Winnebago suka tashi tsaye, suna tsoron in aka yi haka farautar mashi ta ƙare, har 'yan majalisarsu suka kai ƙudiri don a cire Wisconsin daga duk wani hukunci. Hujjarsu ita ce mu da muka riƙe namu da kyau don me za a hukunta mu da laifin wasu, kuma in ka kashe farautar ka kashe kuɗin lasin da masu gadin dare. Masu ƙorafin kuma suna cewa tafki ɗaya ko biyu masu lafiya ba za su rufe gaskiyar cewa koguna da yawa manyan da ke hawa haihuwa a shekara ba su wuce 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka ba. A Afrilun 2024 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta yanke cewa ba sai an sa shi a jerin ba, tana mai cewa aikin da jihohi da ƙabilu ke yi, musamman zuba 'ya'ya, yana haifar da ɗa mai ido.

Ni dai na fahimci mutanen Winnebago kuma ina ganin da an hana su da an yi asara, amma hukuncin bai kwantar min da hankali ba. A koguna da yawa ƙaruwar da ake gani kifayen da aka ƙyanƙyashe a tanki ne, kuma kogin da sai an kawo masa jarirai a mota duk shekara bai warke ba tukuna, yana kan magani ne. Warkewa ita ce ranar da jikokin waɗanda aka zuba suka haihu da kansu, kuma da lissafin shekara 25 kowane zubi muna maganar shekara 50 zuwa sama. Dam-dam ɗin da suka toshe hanya mafi yawansu suna nan daram. Ga sabbin matsaloli, wani ɗan kifi baƙo da jiragen ruwa suka kawo daga Turai yana cinye ƙwai a tsakanin duwatsu, maganin da ake zubawa a koguna don kashe wani kifi mai shan jini yana iya kashe ƙananan sitajin in ba a kula da lokaci da awo ba, ga ruwa yana ƙara ɗumi yana rikita lokacin haihuwa. Tsorona kada 'yan siyasa su ji an ce ba ya cikin jerin su ɗauka an gama, su janye kuɗin. Jihohi da dama har yanzu suna lissafa shi cikin masu fuskantar barazana a dokokinsu, a Kanada ma masana sun sa wasu rukunoninsa cikin masu haɗarin ƙarewa. Kuma in ka dubi danginsa a duniya abin ba daɗi, a 2022 ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta ce duk nau'o'in sitajin 26 da suka rage suna cikin barazana, ta kuma tabbatar da ƙarewar wani ɗan'uwansu mai dogon baki na kogin Yangtze a ƙasar Sin, wanda shi ma dam da yawan kamu ne suka gama da shi.

A kogin Maumee na Ohio, wanda ke zuba a tafkin Erie ɗin nan da aka kwashe tan 2,300 a shekara ɗaya, gidan zu na Toledo da abokan aikinsa sun fara zuba 'ya'ya a 2018, kusan 3,000 duk shekara, da ƙwan da ake ɗebowa daga kogin St. Clair. Rabi a tirelar bakin kogi ake rainonsu, rabi a wata maƙyanƙyasa ta gwamnati a Wisconsin, don a gani nan gaba waɗanne ne za su fi gane hanyar gida. Ranar sakin iyaye na zuwa da yara, a miƙa wa yaro ɗan kifi a bokiti da 'yar na'urar lamba a ƙarƙashin fatarsa, ya kai shi bakin ruwa da hannunsa. Matan da aka saka a shekarar farko ba a sa ran ƙwansu sai wajajen 2040, lokacin yaron da ya riƙe bokitin yana ɗan shekara bakwai ya kusa talatin.